Kowane Sikeli da Gejinsa: Yadda Ake Gano Mafi Ƙarancin Nauyin da Za a Auna a Ɗakin Gwaji

A Dumega, idan kaka ta yi, masu sayen wake suka kafa babban sikelinsu na buhu, babu macen da za ta kawo musu ƙullin barkono ta ce su auna mata. Ta san allurar ko motsi ba za ta yi ba. Hatsi kuwa da tiya ake auna shi, tiya guda ta gero kusan kilo biyu da rabi, kuma ba a taɓa ganin mai auna gishirin miya da ita ba. Kowace uwa a Arewa ta san wannan ko ba ta shiga lakwal ba: kowane ma'auni akwai abin da ya yi masa ƙanƙanta.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan sani ke ɓacewa da zarar yaro ya sa farar riga ya tsaya gaban sikelin lantarki. Kuma na san dalili. Sikelin allura idan abu ya yi masa kaɗan, shiru yake yi. Na lantarki ba ya shiru. Ko ƙwayar gero ɗaya ka ɗora masa, sai ya ba ka amsa da lambobi huɗu bayan ɗigo, ido ya gani, zuciya ta yarda, hannu ya rubuta. To amma lambobin da ke kan gilashi ba dukkansu ne gaskiya ba, kuma ƙarancin abin da aka ɗora shi ke ƙara kason ƙaryar.

Ina rubuta wannan ne domin ƙannenmu na Dumega da Tibiri da Kore Mairuwa da Dogondutsi da suka tafi Yamai karatun aikin gwaji, ko suka riga suka kama aiki a wuraren da doka ke bin diddigin kowane awo: ɗakin gwajin magunguna da abinci da ruwa na LANSPEX, ɗakin gwajin ƙasar noma na INRAN, ko kuwa ɗakunan NAFDAC a tsallaken iyaka. Mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1995, lokacin da aka yi wa dubun-dubatar mutane a Nijar allurar rigakafin da daga baya aka gano babu magani a cikinta, ba ma bukatar a gaya mana amfanin waɗannan wurare. Sai dai jabun da babu komai a cikinsa ba shi da wuyar kamawa. Mai wuyar shi ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ta ɗauki kashi 88 na maganin da aka rubuta a kwalinta, alhali doka ta ce kada ta gaza kashi 90. Tsakanin a ƙona wannan kaya da a sake shi cikin kasuwa, ƴan miligiram ne ke yanke hukunci.

Yadda kuskuren yake

Ɗauki misalin canji. Idan ɗan tireda ya yi maka kuskuren dala guda a cinikin jikka goma, ba za ka ko waiwaya ba. Idan kuwa a cinikin dala biyar ya yi shi, ya ci maka kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka. Dalar ba ta canza ba, cinikin ne ya ƙanƙance. Haka sikeli yake. Yana da ɗan rawar da yake yi a lambarsa ta ƙarshe, yau sama gobe ƙasa, saboda motsin iska da girgizar tebur da zafin kayan cikinsa. A ɓangaren ƙananan nauyi wannan rawar kusan ɗaya ce, ko giram goma ka ɗora ko miligiram goma. A kan giram goma ba ta taka kara ta karya ba. A kan miligiram goma kuwa tana iya cinye kashi biyu cikin ɗari.

Sikeli yana da wasu laifuffukan: saitinsa na iya gocewa, yana iya ba da amsa dabam idan aka ɗora kaya a gefen faranti maimakon tsakiya. Waɗannan sun fi nuna kansu idan kaya ya yi nauyi. A ƙasa-ƙasa kuwa, rashin maimaita amsa guda shi ne sarki, shi ya sa a kansa kaɗai ake gina lissafin geji.

Abin da doka ta ce

Kundin magunguna na Amurka, wanda ake kira USP, yana da babi na 41 a kan sikeli. A da ƙa'idarsa ita ce a ninka warwatsuwar amsoshi sau uku. Daga 1 ga Disamba 2013 aka koma sau biyu, aka kuma tsaurara iyakar zuwa 0.10 cikin ɗari. Wannan sifilin na ƙarshe ba ado ba ne: da iyakar 0.1 ce, mai 0.14 zai iya rage ta ya ce ya tsallake, amma da 0.10 babu wannan ƙofar. Kundin magunguna na Turai ya bi sahu da babinsa na 2.1.7, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Magungunan da ke shigo mana galibi da ɗaya daga cikin irin waɗannan kundaye ake gwada su, don haka ƙa'idar ta shafe mu ko muna so ko ba ma so.

A saukake, abin da ake nema shi ne: a ninka warwatsuwar amsoshin sikeli sau biyu, a raba da nauyin abin da za a auna, kada abin da ya fito ya wuce ɗaya cikin dubu. Idan ka juya lissafin, sai ka samu cewa mafi ƙarancin nauyin da aka yarda ka auna shi ne warwatsuwar nan sau 2000. Wannan shi nake kira gejin sikeli.

Wani zai ce, ƙwayar magani an yarda mata ta yi sama ko ƙasa da kashi goma, mene ne na matsa wa sikeli har ɗaya cikin dubu? Amsar ita ce awo shi ne matakin farko. Bayansa akwai narkarwa, akwai tsarmawa, akwai tacewa, akwai na'urar da za ta karanta, kowanne da nasa ɗan kuskuren. Kuskuren da ya shiga tun a kan sikeli babu matakin da zai wanke shi, sai dai ya bi layi har cikin takardar sakamako.

Yadda za ka gano gejin da kanka

Fara da sikelin a mazauninsa na kullum, a kan teburin da yake aiki, cikin yanayin da ake aiki. Kada ka kashe fanka ka kori kowa daga ɗaki ranar gwaji, sannan gobe ka koma aiki cikin hayaniya. Gejin da ka samu cikin shirun ba naka ba ne. Duba kumfar ruwan da ke jikin sikelin ta zauna a tsakiyar da'ira, in ba ta zauna ba ka murɗa ƙafafun. Sikelin ya kasance ya daɗe a jone da wuta. Mai lambobi huɗu yana son aƙalla awa guda kafin jikinsa ya daidaita, mai biyar ko shida ya fi haka, kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke aka tada janareta, jiran ya dawo sabo. Wanda ya samu hali ya haɗa sikelinsa da batir ya huta.

Sai ka ɗauko dutsen awo guda ɗaya, ba tarin ƙanana ba. Wanda ya kai kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin sikelin shi ya fi: idan sikelin na giram 200 ne, ɗauki dutsen giram 10. Masu koyo suna yawan tambayata me ya sa ba za a gwada da ɗan mitsitsin dutse mai nauyin samfurin ba. Dalili biyu ne. Rawar sikeli a giram 10 da a miligiram 20 kusan ɗaya ce, sannan ɗan ƙaramin dutse wuyar riƙo gare shi, sai hannunka ya ƙara nasa kuskuren ka ɗora wa sikeli laifi. Da hantsaki ake ɗaukar dutsen, ba da yatsu ba, domin maiƙon yatsa yana da nauyin da wannan sikeli ke gani. A bar dutsen kusa da sikeli ya ɗauki zafin ɗakin tukuna.

Mayar da sikeli sifili, ɗora dutsen a tsakiyar faranti, rufe ƙofar gilashi, jira alamar natsuwa ta bayyana, rubuta. Sauke, sake mayarwa sifili, sake ɗorawa. Sau goma, ba ƙasa da haka ba, mutum ɗaya, zama ɗaya. Duk abin da ya fito shi za ka rubuta. Idan amsa ɗaya ta fita dabam, ba a share ta a sake; ita ce ma take gaya maka gaskiyar ɗakinka.

Ga misali da lambobi. A ce amsoshin goma, a giram, su ne 10.0001, 10.0000, 10.0002, 10.0001, 9.9999, 10.0001, 10.0000, 10.0002, 10.0000 da 10.0001. Matsakaicinsu 10.00007. Ka cire wannan daga kowace amsa, ka ninka kowane bambanci da kansa, ka tara, ka raba da tara, wato goma ban da ɗaya, sannan ka ɗauki saiwar abin da ya fito. Kalkuletar ƴan makaranta tana da maɓallin da ke yin duk wannan, alamarsa harafin s. A nan warwatsuwar da za ta fito ita ce miligiram 0.095. Ninka da 2000, ka samu miligiram 190.

Tsaya ka dubi wannan lambar da kyau. Sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin goma na miligiram, wanda ake ji da shi a ɗaki, bai cancanci ya auna abin da ya gaza miligiram 190 ba. Idan ka auna miligiram 20 a kansa, kamar adadin sinadarin atemeta da ke cikin ƙwaya guda ta maganin zazzaɓi mai haɗin 20 da 120, rashin tabbas ɗinka ya kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wato kusan ninki goma na abin da doka ta yarda.

Idan amsoshin duk suka zo ɗaya fa?

Yana faruwa, musamman a sikeli mai lambobi biyu ko uku. Sau goma amsa guda, warwatsuwa sifili, sai yaro ya yi murna ya ce sikelinsa ba shi da geji. Ba haka ba ne. Sikeli yana dunƙule amsa zuwa takinsa mafi ƙanƙanta, wanda ake rubutawa da harafin d a jikinsa, kuma duk rawar da ta gaza wannan taki ɓoye ta yake yi. Dunƙulewar nan sau biyu take shiga kowane awo, ɗaya lokacin sifili, ɗaya lokacin da aka ɗora kaya. Masana lissafi sun ƙiyasta ta farko da 0.29 na taki, haɗuwar biyun kuma 0.41. Shi ya sa doka ta ce idan warwatsuwar da ka samu ta gaza 0.41 na taki, ka ajiye taka ka ɗauki 0.41.

Ninka 0.41 da 2000, ka samu 820. Wannan lamba ta cancanci haddacewa. Komai kyan sikeli, komai natsuwar ɗaki, gejinsa ba zai sauka ƙasa da taki 820 ba. Mai takin miligiram 0.1, miligiram 82. Mai takin 0.01, miligiram 8.2. Mai takin miligiram 1, miligiram 820. Mai lambobi biyu bayan ɗigo a giram, giram 8.2. Kafin ka sa hannu a takardar sayen sabon sikeli, yi wannan ɗan lissafin a kanka, ka gwada da mafi ƙanƙantar abin da kuke aunawa. Na ga inda aka kashe kuɗi masu yawa a kan na'urar da tun ranar da aka buɗe kwalinta ba ta isa aikin da aka saye ta dominsa ba.

Kada ka zauna a bakin gejin

Gejin da ka samu yau na yau ne. Wanda za ka samu a watan Janairu, hunturu na kaɗawa, ba zai zo ɗaya da na watan Agusta ba. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin hunturu iska na bushewa ƙayau, robobi da gilasai su ɗauki irin lantarkin nan da ke sa mayafi ya yi tartsatsi da dare. Shi ne ke jan faranti ko ya tura shi, sai ka ga lamba tana tafiya a hankali ta ƙi tsayawa, garin magani kuma yana tsalle yana manne wa bangon kwalba. Maganinsa a guji mazubin roba a koma na ƙarfe, a ƙara wa ɗaki danshi, ko a samo na'urar kashe wannan lantarki. Da damina kuwa matsalar juyawa take: gari mai shan ruwa yana ƙara nauyi kana kallonsa. Da bazara, samfurin da aka ciro daga firiji ko daga tanda, idan ba a bar shi ya daidaita da ɗaki ba, iskar da ke kewaye da shi za ta motsa ta ruɗa awon.

Saboda haka ake ninka geji da abin da ake kira ratar tsaro. Sau biyu shi ne aka fi yi a ɗaki mai natsuwa. A namu, inda ƙura da zafi da ɗaukewar wuta suke, ni ina ganin uku ya fi kwanciyar hankali ga aiki mai haɗari. A misalinmu na sama, 190 sau biyu ya ba da miligiram 380. Wannan ita ce lambar da za a rubuta da manyan baƙaƙe a manna a goshin sikelin, da kwanan wata da sa hannun wanda ya gwada.

Kuskure biyu da na fi gani

Na farko ya shafi mazubi. Mutum ya ɗora kwalba mai giram 50, ya mayar sifili, ya zuba miligiram 15, ya ce ai nauyin da ke kan faranti ya wuce geji nesa. A'a. Gejin na abin da ka zuba ne kaɗai, kwalba ba ta cikin lissafi. Ni ma a farkon aikina, a wani ɗakin gwaji, haka aka koya mini, muka yi watanni muna mamakin yadda sakamakon samfuri ɗaya ke bambanta tsakanin safe da yamma. Muka zargi ruwa, muka zargi na'urar karatu, ba wanda ya waiwayi sikeli. Ranar da muka gane, sai da muka sake gwajin duk abin da aka yi a wancan lokacin, har yau kuma ina tuna takardun da suka riga suka fita da sa hannuna. Babban mazubi ma ƙara ɓata awo yake, domin iska ta fi samun inda za ta kama. A zaɓi mafi ƙanƙanta da zai ɗauki samfurin.

Na biyu ya shafi rubutun da ke jikin sikeli. Za ka ga an sa Max, an sa Min. Wannan Min ɗin na dokar ciniki ne, irin wadda hukumar awo ta duniya, OIML, ta tsara, kuma hukumomi kamar ANMC a Nijar ke kula da irinta. Daga takin sikeli ake lissafa shi tun a masana'anta. Bai san teburinka ba, bai san fankarka ba. A sikeli mai takin miligiram 0.1 sau da yawa miligiram 10 ne, kai kuwa ka riga ka ga ko a mafi kyan hali 82 ne gejin. Haka ma lambar da kamfani ke sawa a littafin talla: a ɗakinsu suka same ta.

Idan samfurinka ya gaza geji, hanya biyu ce. Ko ka koma sikeli mai ƙaramin taki, ko ka auna da yawa ka tsarma. Maimakon miligiram 20 a ruwa mililita 100, auna 400 a cikin mililita 200, ka ɗebi 10 ka cika zuwa 100, ƙarfin ya zo daidai. Na san sinadarin da ake gwada magani da shi yana da tsada, ɗan kaɗan ake sayarwa a kwalba, kuma mai kula da kuɗi zai yi ƙorafi. Idan babu halin ko ɗaya daga cikin biyun, a tura samfurin inda ake da kayan aiki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gwajin maimaitawa ba ya wadatar shi kaɗai. Sikeli na iya ba da amsa guda kullum alhali amsar karkatacciya ce, kamar tiyar da aka bubbuga gindinta. Don haka akwai gwaji na biyu da dutse mai takardar shaida, nauyinsa tsakanin kashi 5 da kashi 100 na ƙarfin sikelin, inda ƙa'idar USP ta 2013 ta ce kada amsar ta kauce da fiye da 0.10 cikin ɗari. Takardar nan ita ce silsilar dutsen, mai komawa daki-daki har zuwa ma'anar kilo ta duniya, wadda tun 1889 take rataye da wani curin ƙarfe a Faransa, kafin a sauya ta a ranar 20 ga Mayu 2019. Duk lokacin da aka matsar da sikeli, ko daga wannan ɗaki zuwa wancan ne, balle a ɗauko shi a mota daga Yamai zuwa Dogondutsi, gwaje-gwajen biyu sabo ake yi.

Ba kowane aiki ke neman ɗaya cikin dubu ba

Lissafin yana aiki ko a wajen ɗakin magani, iyakar kawai ake sauyawa. Mai neman daidaito na kashi ɗaya cikin ɗari, da 200 zai ninka maimakon 2000. Mai duba aidin a gishiri yana auna giram 10, sikeli mai lambobi biyu ya ishe shi. Amma ruwan gwajin aidin ɗin da ake haɗawa da giram 1.24 na sinadari a lita guda, idan ɗaya cikin dubu ake nema, wannan sikelin ya yi masa girma, sai a nemi mai lambobi huɗu. Aiki ɗaya, sikeli biyu.

Malamin gona da ke koya wa manoman Dallol Mawri zuba taki ɗan kaɗan a kowane rami, giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK kamar yadda binciken ICRISAT a Sadore ya yaɗa, kada ya gwada giram 2 a sikelin kicin mai takin giram guda. Kuskuren na iya haura kashi 40 cikin ɗari. Ya ɗebo yatsa uku sau ɗari, ko murfin kwalbar lemo sau ɗari, ya auna gaba ɗaya, ya raba da ɗari. Samarinmu da ke zuwa haƙar zinariya a Jado ko Komabangu su ma su sani: giram guda a kan sikelin aljihu mai takin 0.1 yana iya kaucewa da kashi takwas cikin ɗari, ba tare da mai saye ya yi niyyar cuta ba. A tara ta yi yawa kafin a ɗora, ko a nemi mai takin 0.01.

Kai kuwa da ke cikin ɗakin gwaji, buɗe wa kowane sikeli littafinsa. Amsoshi goman, dutsen da aka yi aiki da shi, zafin ɗaki da danshinsa, gejin da ya fito, duk su shiga. Maimaita a ƙayyadadden lokaci, kuma lallai ɗaya ya faɗo tsakiyar hunturu. Mai binciken da zai zo duba ku a kan ƙa'idar ISO 17025 zai nemi ganin wannan littafi, kuma ranar da wani ɗan kasuwa ya ƙi yarda da sakamakon da ya hana kayansa shiga, shi ne zai tsaya maka. Gobe da safe, kafin ka auna komai, ɗauko dutsen giram 10 da hantsaki ka yi awo goman nan. Minti ashirin ya ishe ka.